Garin Say da Jami'ar Musulunci ta Nijar

Matafiyin da ya bar Yamai ya nufi kudu, bayan tafiyar kilomita 50 da 'yan kai, zai iske garin Say a bakin Kogin Kwara. Gari ne na malanta tun dā, gama a nan Alfa Mahaman Jobbo ya zauna a farkon ƙarni na 19, almajirai da fatake suka riƙa kwararowa, ana ƙetare kogi da jiragen ruwa zuwa ƙasashen Gurma.

A wannan gari ne aka kafa Jami'ar Musulunci ta Nijar. An yanke shawarar gina ta a taron shugabannin ƙasashen Musulmi na birnin Lahor, ƙasar Pakistan, cikin Fabrairu 1974. Ba a yi wata biyu cikakku ba sojoji suka hamɓarar da Shugaba Jori Hamani, Laftanar Kanar Seyni Kunce ya karɓi mulki. Duk da haka alkawari bai tashi ba, har aka buɗe makarantar a 1986.

Tun daga nan an sake juyin mulki a Nijar a 1996, da 1999, da 2010, da 2023. A na ƙarshen nan Nijeriya ta rufe iyakarta, ba a buɗe ba sai Maris 2024, abin da ya wahalar da 'yan kasuwa da ɗalibai baki ɗaya. Ga kuma rashin tsaro a jihar Tillaberi, inda Say yake. Amma jami'ar tana nan, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma, suna karatun Shari'a da Larabci da sauran fannoni.

Dalili kuwa shi ne ba a jingina ta ga gwamnati ɗaya ba. Tana ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, mai ƙasashe 57. In ƙafa ɗaya ta gurɗe, sauran su riƙe.

To, jama'a, taimakon nesa shi ma yakan yi jinkiri. Ya kamata attajiranmu su kafa wa irin waɗannan makarantu waƙafi na gidaje da gonaki, ma'aikatanmu kuma su sauƙaƙa wa ɗalibai takardun tafiya da amincewa da shaidar karatunsu. Gwamnati takan zo ta wuce, sadaka mai gudana kuwa ladanta ba ya yankewa.

Allah Ya sa mu dace, amin.