Kafin Yara Su Hau Dandamali

Ɗana Malam, na ji an ɗora maka shirya wasan ƙarshen shekara, kuma ranka ya kwanta da The Lion King, da waƙoƙinsa da raye-rayensa. Allah ya taimaka. Amma kafin ka kai wa tela yadin kayan zaki, ka saurare ni.

Sayen littafin wasa, ko sauko da waƙoƙinsa daga intanet, bai ba ka ikon nuna shi gaban jama'a ba. Takarda kuɗinka ya saya. Wasan kansa yana hannun masu shi: wanda ya rubuta labarin, wanda ya tsara baitocin, wanda ya sa kiɗan, ko kamfanin da suka sallama wa. A Amurka akwai kamfanin Music Theatre International, wanda aka kafa a 1952, sana'arsa ke nan. Makaranta ta rubuta, ta faɗi yawan kujerun zaurenta da kwanakin wasa da kuɗin tikiti, a yanka mata abin da za ta biya, a aiko mata da littattafai. Sharuɗɗan da tsauri: ba ka cire waƙa, ba ka cusa taka, ba ka mayar da shi Hausa sai an yarje maka. Bidiyo ma izininsa daban, ga shi yanzu kowane uba da waya a hannu, kafin a watse wasan ya hau Facebook.

Za ka ce ai makaranta ce, ba kasuwa ba. Gaskiya doka ta sassauta wa koyarwa, sai dai sassaucin na cikin aji ne. Dokar Birtaniya ta 1988 ta fayyace: in ɗalibai da malamansu ne kaɗai ke kallo, ba nunin jama'a ba ne, amma zaman mutum uban ɗalibi bai sa shi cikinsu ba. A farkon 2020 an aika wa wata firamare a Berkeley ta jihar Kalifoniya takardar biyan dala 250, don iyaye sun nuna fim ɗin wannan zakin naka a taron tara kuɗi. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya ba su haƙuri da surutu ya yi yawa. Kai wa zai yi surutu dominka?

Kada kuma ka ɗauka duk kuɗin nan aljihun attajirai yake shiga. J. M. Barrie ya ba asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan haƙƙin Peter Pan a 1929, kuma har yau mai nuna wasan a Birtaniya asibitin yake biya.

Mu ma nan gida muna da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da hukumar da ke kula da ita. Littafi ko waƙa na cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Abubakar Imam ya rasu 1981, ka ga Magana Jari Ce tana da masu ita har 2051. Shata ya rasu 1999. In yaranka za su rera waƙarsa gaban masu tikiti, akwai magada. Rashin ɗan sanda a bakin ƙofa ba ya sauke haƙƙin mutum daga wuyanka.

A shekarun da na yi ina koyarwa, marubutanmu da aka nemi izininsu ba kuɗi suka fi damuwa da shi ba. So suke a tambaye su, a faɗi sunansu, kada a lalata musu labari. Matambayi ba ya ɓata. Rubuta wasiƙa tun zangon farko, ta hannun kamfanin da ya buga littafin, amsar kuma a ajiye ta ofishin hedimasta. In kuɗin zakin ya fi ƙarfin makarantar, ga Gizo da Ƙoƙi nan. Sa yara su tsara waƙoƙin da kansu, ka nemo mai kalangu a unguwa, ka biya shi ladansa.