Yaro da Hawainiya

Ran nan wani yaro ya tsinci hawainiya a gonar rama. Ya haɗa mata keji na kara, ya sa rassa masu ganye a ciki, ya ajiye a inuwa. Kowace safiya yakan kamo mata fara da ƙudaje masu rai, gama ba ta kula abin da ba ya motsi. Yakan kuma yayyafa wa ganyen ruwa, domin hawainiya ba ta sha a kasko, ɗigon da ke bisa ganye take lasa.

Ana nan, sai ta ƙi ci. Cikinta ya kumbura, ta yi ta kai da kawowa a gindin keji. Yaro ya tsorata, ya sheƙa wurin kakansa.

Tsoho ya duba, ya ce, "Jikana, ai ƙwai gare ta. In ba ta sami ƙasar da za ta haƙa ba, ƙwan ya maƙale, ta mutu."

Yaro ya cika tukunya da rairayi mai laima, ya sa mata. Ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, ta binne, kāna ta koma cin fara.

Wanda zai yi kiwo, sai ya san halin abin kiwonsa.