Gidan da ake ginawa don a cinye shi

A ƙasashen Turai masu tsananin sanyi, idan watan Disamba ya kama, akwai wani gini da iyalai suke yi bisa tebur, ba tubali, ba laka. Ɗan ƙaramin gida ne na gato mai tauri, wanda ake kwaɓawa da garin alkama da zuma da man shanu, a zuba masa citta da kirfa da kanumfari. Domin sallar Nowel ake yin sa. Al'adar ta bunƙasa ne a Jamus, ana kuma danganta ta da tatsuniyar Hansel da Gretel, wadda ƴan'uwan nan biyu, su Grimm, suka buga a shekara ta 1812: labarin yara biyu da suka ɓata cikin daji da yunwa, suka tarar da gidan da ake iya ci.

A yankin Alzas, gabashin Faransa, kusa da ƙauyen Gertwiller da ya yi suna wajen wannan gato, akwai wata tsohuwa da take gina irin wannan gida kowace shekara tun tana budurwa. Da tsufa ya kama ta, hannunta ya soma rawa, aikin kuwa ba ya son hannu mai rawa. Ta ga in ba ta koyar ba, sanin zai bi ta kabari. Sai ta zaunar da jikarta, ita ta koma mai faɗa, yarinya ta zama magina.

Kwaɓin ya kwana a wuri mai sanyi. Da safe yarinya ta murza shi, kaurinsa rabin santimita, ta ɗora masa kwalayen awo da kakar ta gada daga mahaifiyarta, ta yanka gida shida: bango 4, rufi 2. Ta huda tagogi, ta cika su da dakakkiyar alewa, wadda za ta narke a wuta ta daskare kamar gilashi. Aka gasa a tanderu mai zafin digiri 180, kamar minti 15. Tun da sauran zafi ta daidaita gefuna da wuƙa, domin in ya huce, karyewa yake yi.

Simintin wannan gini farin ƙwai ne da garin sukari, a buga su har su yi kauri. Da shi ake zana ƙofa da furanni tun bango yana kwance, da shi kuma ake liƙe kusurwa. A nan ne haƙuri yake aiki. Yarinya ta tsai da bango, ta tokare su da kofuna, ta ce: «Kaka, in aza rufi?» Tsohuwa ta ce: «A'a, ƴata, sai ya bushe. Sannu ba ta hana zuwa.» Da kaka ta gyangyaɗa, yarinya ta aza. Rufi ya zame, bango ɗaya ya tsage. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba. Ta nuna mata yadda ake ɗinke tsaga da sukari daga ciki, suka jira har kashegari, gida ya tsaya. Zanen yarinya ya karkace, kakar ta hana a gyara.

Wannan gida ba ya daɗewa. Zuma tana shan raɓa, laima tana tausasa bango. A Suwidin ma, ranar 13 ga Janairu iyalai da yawa suke farfasa nasu, yara su cinye. A birnin Bergen na Norwe, inda tun 1991 ake gina gari guda da irin waɗannan gidaje, kowace shekara sabon gini ake yi. Abin da ake adanawa shi ne kwalayen awo da sanin hannu. Tsohuwa ta naɗe kwalayen cikin tsumma, ta miƙa wa jikarta, ta ce baɗi ita ce mai gini.