Ziyarar Zumunci Zuwa Mai Wurno Ta Ƙasar Sudan

Mai Wurno gari ne a bakin kogin Nilu, kudu kaɗan da birnin Sinnar. Asalinsa kuwa, bayan da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi cikin 1903, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka nufi gabas, har Allah ya zaunar da su a nan. Daga baya mahajjatan ƙasa da guzuri ya yanke musu suka riƙa yada zango a yankin, suna aikin auduga a gonakin Jazira don su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Waɗansu suka wuce, waɗansu suka zauna har suka ga jikoki.

Ƙanin kakana yana cikin waɗanda suka zauna. Ya bar Kano da ƙafa da niyyar hajji, wasiƙa ɗaya tak ta iso daga Mai Wurno, sa'an nan sai shiru. Mahaifina ya rasu yana yi mini wasiyya da in nemi jininmu. Na yi ta jinkiri saboda hidimar aiki, sai cikin 2017 na sauka Hartum, na shiga mota ta Wad Madani har garin.

Bayan sallar la'asar na faɗa wa dattawan masallaci sunan wanda nake cigiya da sunan unguwarmu. Aka haɗa ni da yaro ya kai ni wurin wani tsoho mai kamar mahaifina har ƙwayar ido. Da ya ji nasabata, sai ya ce, cikin Hausa mai gauraye da Larabci, "Ɗana, rijiyar nan ta bayan zaurenku tana nan?" Bai taɓa ganin Kano ba, a bakin mahaifinsa ya ji ta. Na ce, "Tana nan, Baffa." Sai hawaye suka hana mu magana. Kwana bakwai na yi, muna cin tuwon dawa da suke kira asida, ina rubuta sunayen dangi gida gida.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, ya kuma kai jihar Sinnar cikin 2024, wayarsa ta yi watanni ba ta shiga. Ranar da muryarsa ta dawo, tambayarsa ta farko ita ce lafiyar 'ya'yana, kowanne da sunansa. Da na ƙara jinkirin shekara shida, da hanya ta rufe ban san fuskarsa ba.

To, jama'a, zumunta a ƙafa take. Ɗan kasuwa da ma'aikaci, kowa yana da wanda ya daɗe bai nema ba, kuma malamai sun karantar da mu cewa sada zumunci yana jawo albarkar arziki da ta rayuwa. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri, amin.