Garin Da Iska Ba Ta Isar Baƙo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridar nan tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata wauta da na yi a ƙasar mutane, ko wani ya ji ya tsira daga irinta.

Ni akawu ne, shekarata 34, a makarantar mishan na yi karatu. Tun ina yaro malaminmu na labarin ƙasa ya nuna mana wani birni a taswira, wai shi Lafaz, cikin ƙasar Bolibiya ta Amurka ta Kudu, ya ce duk duniya babu mazaunin gwamnati da ya kai shi tudu. Abin ya zauna mini a rai. Na shekara shida ina tara kuɗi, sa'an nan cikin watan Yuli na 2023 na ɗauki hutu na tashi ni kaɗai, ba ayari, ba jagora, sai jakata da wata takarda da na tsara wa kaina, sa'a bayan sa'a, yadda muke tsara aiki a ofis.

Bari in fara gwada muku tudun wurin. Jos, da mu ke ganin mun hau sama in mun je, bisanta daga teku wajen mita 1,200 ne. Lafaz kuwa wajen mita 3,600, watau Jos uku a ɗora bisa juna. Filin jirgin saman da a ke sauka ma ya fi haka, don yana El Alto, garin da ke bisa kan Lafaz, mita 4,061. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri. Kowane numfashi mutum ya ja, abin da jininsa ke bukata, wanda masana ke kira oksijin, bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda ya kan samu a bakin teku ba. Duk na karanta wannan tun a gida, amma na ɗauka zancen tsofaffi da marasa lafiya a ke yi.

Na kwana a Santa Kuruz, garin da bisansa wajen mita 400 ne, da safe jirgi ya ɗauke ni, cikin kamar sa'a guda ya dire ni a El Alto. Na sami masauki a gidan wata tsohuwa, 'yar ƙabilar Aimara, mai 'yar malafa a ka da fatari mai faɗi irin nasu. Turancina da na ke taƙama da shi bai yi mini rana ba, don Sifananci da Aimaranci su ke ji, sai jikanta ne ke yi mana tafinta. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, yau kwanciya za ka yi. Ka yi tafiya sannu, ka ci kaɗan, ka sha ruwa da yawa." Na ce, "To, Inna," amma a zuci na ce kwana shida kurum gare ni, ba barci na biya kuɗin jirgi in zo yi ba.

Na fita da takardata. Shi birnin cikin wani babban kwari ya ke, kamar ƙwarya, gidaje sun hau gefenta har baki, saboda haka kowace hanya ko hawa ce ko gangara. Daga cocin San Faransisko na haura kasuwa da sauri, ina wuce tsofaffin mata masu goyon kaya, ina mamakin nawarsu. Da rana na cika cikina da nama da dankali. Kafin la'asar na soke abu biyar a takardata, ina murna.

Jama'a, kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Da tsakad dare kaina ya ɗauki ciwo kamar ana sara shi da gatari. Na yi amai har sau uku. In barci ya fara ɗaukata sai in farka firgigit, ina haki kamar wanda aka danne cikin ruwa. Ga sanyi, don Yuli a can tsakiyar hunturu ne. A nan na san abin da a ke nufi da tafiya kai kaɗai: ba wanda ya san sunan ubana, ba kuwa wanda zan iya gaya wa inda ke mini ciwo.

Tsohuwar nan da na ƙi jin maganarta, ita ta ji motsina. Ta kawo mini shayin ganyen koka, wanda su ke ba baƙi, ta aiki jikanta ya kira likita. Likita ya maƙala mini wani ɗan awo a yatsa, ya sa mini iska daga tulun ƙarfe, ya ce sunan cutar a wurinsu soroce. Kāna ya yi mini tambayar da ita ce ainihin dalilin wannan takarda: ko ina da amosanin jini, watau sikila? Na ce an gwada ni kafin aurena, AA ne. Ya ce na yi arziki, domin mai sikila ƙarancin iska na iya tayar masa da ciwo mai tsanani, har ma wanda ya gaji rabinta kurum, mai AS, wanda bai taɓa jin komai ba a gida, saifarsa na iya kamuwa a irin wannan tudu. To, mu da likitoci ke cewa wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, ai wannan magana tamu ce.

Kwana biyu na yi a kwance. A rana ta uku na fita ina takawa kamar tsofaffin da na raina, sai a sa'an nan na ga garin. Na shiga keken sama mai tafiya bisa igiyar ƙarfe, wanda aka buɗe a 2014 ya haɗa Lafaz da El Alto, na hangi dutsen Ilimani, mai mita fiye da 6,400, kansa fari fat da ƙanƙara. Na lura masu kuɗi a gindin kwari su ke, inda iska ta fi kauri kuma sanyi ya yi sauƙi, talakawa kuwa su ne a sama. Inna ta nuna mini tukunyarta mai murfin matsewa, don a can ruwa na tafasa tun zafinsa na wajen digiri 88, wake sai ya daɗe bai nuna ba. Jikanta kuma ya ba ni labarin yadda 'yan ƙwallon Ajantina, da gwanintarsu duka, suka sha ci 6 da 1 a garin a 2009. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ne.

Saboda haka, duk mai niyyar irin wannan tafiya, ya fara sanin irin jininsa, ya ga likita tun a gida. In da hali, ya hau tudun a hankali, ya kwana biyu a gari mai matsakaicin bisa. Ranar da ya sauka kada ya sa wa kansa aiki. In haki ya kama shi yana zaune, ko tari, ko tangaɗi da ruɗewa, kada ya jira gari ya waye, ya nemi likita, ya gangara ƙasa. Ganyen koka kuwa halal ne a dokarsu, amma kada ya saka shi a jaka ya ƙetare iyaka da shi. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, ni kuwa na ƙara da girman kai irin na mai riƙe da alƙalami.

Takardar tawa na dawo da ita, fiye da rabinta ban soke ba. Tana cikin aljihun teburina a ofis.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu.