HAƘƘIN KARE A CIKIN KEJI

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a shekarar 2022, jim kaɗan bayan sake buɗe iyakar Jibiya a watan Afrilu, na kama hanyar Maraɗi domin yin ta'aziyya. Muna tsaye a Magama muna jiran a duba takardu, rana ta take, sai na ga wata a-kori-kura a gabanmu ɗauke da kejin ƙarfe, da kare a ciki. Duk mai tallan da ya gitta sai karen ya zabura, yana haushi yana cizon ƙarfe, har bakinsa ya yi jini. Yaron mota kuwa sai dukan kejin yake yi da sanda.

Ina faɗa da kunya, ban ce uffan ba. Wani dattijo maharbi ne ya taso, ya rufe gefen kejin da tabarmarsa, ya bar kafar iska, ya zuba ruwa a kwano ya miƙa. Ba a jima ba karen ya kwanta.

Mai motar, wani Alhaji ɗan kasuwa mai kai karen gadin gonarsa, ya ce, "Baba, mugun kare ne." Dattijon ya ce, "Ba mugunta ba ce, Alhaji, ƙunci ne. Yana ganin mutum, ba halin ya shinshina shi, ba halin ya guje masa. In ya yi haushi mutumin ya wuce, sai ya zaci haushinsa ne ya kore shi, gobe ya ƙara. Duka kuwa tsoro yake ƙara masa."

Ya ce horon daga gida ake fara shi. A ajiye keji a buɗe, a riƙa sa masa abinci a ciki har ya riƙa shiga da kansa. Sannan a rufe ɗan lokaci kaɗan, a buɗe yana shiru, ana ƙarawa a hankali. Daga nan a ɗora a mota tana tsaye, sannan gajeriyar tafiya. In ya hangi mutum daga nesa bai yi haushi ba, a ba shi ɗan nama. In ya zabura, an yi gaggawa, a koma baya. Kuma kada a bar shi a rana, domin kare da haki yake rage zafin jikinsa.

Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Allah gafarta Malam, duk wannan wahala a kan najasa?" Na ce masa a mazhabar Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya yi lallagi bin umarni ne. Shari'a ta yarda a riƙe shi domin farauta da gadin dabbobi da shuka. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, malamai kuma suka ce horarre shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ashe horar da kare abu ne da Alƙur'ani ya ambata. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare, wata mata kuma ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa.

To, ya ɗan'uwa, duk dabbar da ka rufe, kai ka hana ta neman ruwa da inuwa, saboda haka sun hau wuyanka. Ni na karanta waɗannan hadisai shekaru da yawa, amma maharbi ne ya yi aiki da su a gabana ina kallo.

Allah Ya gafarta mana, Ya sa mu ji ƙan na ƙasa da mu.