"Wend": Tsohuwar da Aka Ƙwace wa Ɗa

Tun muna firamare ake sa mu haddace "go, went, gone", amma ba a taɓa gaya mana dalilin da ya sa "went" ba ta yi kama da "go" ko kaɗan ba. Amsar tana wurin wani tsohon aikatau da ba a cika jin sa a bakin Turawan yau ba, wato "wend".

Ma'anarsa ita ce kama hanya, ko nufar wani wuri sannu a hankali. Tushensa "wendan" ne a tsohon Ingilishi, wanda ke nufin juyawa, kuma har gobe Jamusawa na cewa "wenden" da wannan ma'ana. A ƙarni na 14 kalma ce ta yau da kullum, har marubucin nan Chaucer ya yi amfani da ita game da masu ziyara da ke tafiya Kantabari.

To, "went" ɗan cikin "wend" ne, domin shi ne sigarsa ta shuɗaɗɗen lokaci, kamar yadda "send" ke ba da "sent". Ita kuwa "go" a da "eode" take da shi. Wajen shekarar 1500 wannan siga ta gushe, sai "go" ta karɓe "went" ta riƙe. Ala tilas "wend" ya koma "wended". Ga ɗa ya yi suna a duniya, uwa kuwa an manta da ita.

Ni da na tashi da Yarbanci, na koyi Hausa da girmana, wannan labari ya sauya yadda nake kallon nahawu. Dubi "yaka" da "yaki" da Bahaushe ke kiran mutum da su. Ba ka cewa "na yaka jiya", domin aikatau ɗin ya tsira ne a umarni kawai. Haka kuma "za" ta "za ni kasuwa" tafiya take nufi, kuma ita ce muke ji a "za mu karanta", inda ta zama alamar lokaci mai zuwa.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, duk kalmar da ta ƙi bin ƙa'ida kada mu tsaya ga haddarta don jarrabawa kawai. Mu tambayi daga ina ta fito, domin abin da aka gane dalilinsa ba ya saurin ɓacewa. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.